Kafin ƙaramin jirgi ya bar ƙasa: jan hankali ga fasinja

Tuƙin ƙananan jirage ne sana'ata, masu inji ɗaya da farfela a hanci, waɗanda ke kai likitoci da ma'aikatan agaji da 'yan kasuwa garuruwan da babban jirgi ba ya sauka. Da fasinjoji nake magana yau, domin sau da yawa matsin da ke sa matuƙi ya tashi alhali bai kamata ba, daga kujerar baya yake fitowa.

Mu ɗauki Gaya ta ƙasar Nijar. Garin yana bakin kogin Isa, bisansa daga teku bai wuce kimanin mita 200 ba. Amma a watan Afrilu, idan zafi ya kai digiri 42 bayan azahar, iska takan zama sakayau, kuma da ita inji yake numfashi, ita farfela ke kamawa, ita ke ɗaukar fiffike. A lissafinmu, jirgin da ke tsaye a Gaya a wannan lokaci kamar yana kan tudu ne mai mita 1,200. Zai daɗe yana gudu kafin ya ɗaga, in ya ɗaga kuma da ƙyar zai hau.

Sai kaya. Cessna 172 kujera huɗu gare ta, amma duk abin da za ta ɗauka, har da mai, bai kai kilo 400 ba. In an cika tanki, kusan kilo 145 sun tafi. Saura na manya uku ne, har da matuƙi, ba tare da jaka ba. Duk da haka sai ka ga an fito daga kasuwar Malanbil da buhun shinkafa ana cewa, "Ai ɗan wannan ne kawai." Kuma a baya ake cusa shi, wajen wutsiya, inda ya fi muni.

Ga yadda abin ke faruwa. Jirgi ya yi nauyi, titin jar ƙasa ya jiƙe yana riƙe taya, ƙarshensa na matsowa, itatuwa na gaba. Matuƙi ya tsorata ya ɗaga hanci tun gudu bai isa ba. Nauyin baya ya ƙara ɗaga shi. Ƙarfin farfela dama can hagu yake karkata jirgi, sai an danne fedar dama. Iska ta kuɓuce wa fiffike, ɗaya ya faɗi, jirgi ya kifa. A sama mai nisa ana gyara wannan cikin daƙiƙoƙi, a tsayin giginya kuwa babu filin gyara.

Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Nijar, kuma hadari daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa. Wannan iska takan juya nan take, mai bugun hanci ta koma tana tura wutsiya. Babban jirgi ma bai tsira ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da ɗagawa cikin irin wannan iska, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Allah ya jiƙansu. To ina ga jirgin da nauyinsa bai fi na ƙaramar mota ba?

Ni ƙa'idata ita ce, kafin na tayar da inji ina sa alama a tsakiyar titi. In na iso wurin gudu bai kai kashi 70 cikin 100 na abin da ake buƙata ba, zan rage wuta in taka birki, ko wane ne a baya. Fasa tashi ba abin kunya ba ne a wannan aiki.

Saboda haka, ranka ya daɗe, hajiya, idan matuƙi ya ce ku hau sikeli, ku hau. In ya ce a bar buhu, mota za ta kai shi Dosso ko Yamai. In ya ce a jira safiya iska ta yi sanyi, ku kwana. Da zarar jirgi ya fara gudu, ku yi shiru har ya daidaita a sama. Ku kuma jama'ar gari, don Allah ku janye dabbobi da yara da babura daga kan titin jirgi kafin a tashi.