Darasi: Ware Kwanaki Domin Yi Wa Kai Hisabi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi na Kona da kewayenta, a nan ƙasar Tasawa da Mayayi shekara tana kai mu inda take so. Damina ta manne mu a gona, kaka ta zo da girbi da ɗaurin gero, daga nan samari su kama hanyar cin rani zuwa Maraɗi ko Kano ko Agadas. Shekara ta zagayo ba mu zauna ko yini guda mun duba halin da muke ciki ba.

Allah Maɗaukakin Sarki ya umurce mu a Suratul Hashri, aya ta 18, da kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe. Manzon Allah (S.A.W.) yakan yi i'itikafi a goman ƙarshe na kowane Ramadan, a shekarar da ya yi wafati kuma ya yi kwana 20. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kwatanta wannan hisabi a littafinsa Ihya'u Ulumiddini da zaman da ɗan kasuwa ke yi da abokin tarayyarsa domin sanin riba da hasara.

Saboda haka muke ba da shawara kowane magidanci ya ware kwana uku bayan an kai gero rumbu, kafin a watse. Mu sani wannan tsari ne na gyaran rayuwa kawai, shari'a ba ta ƙayyade masa rana ba, kada wani ya mai da shi ibada ta musamman.

Rana ta farko ta haƙƙin Allah ce. Mu ƙirga ramuwar azumin da ke kanmu da kan iyalinmu. Mu auna amfanin gona: idan tsabar hatsi ta kai wasaƙi 5, wato sa'i 300, zakka ta wajaba, kashi ɗaya cikin goma ga noman damina, kashi ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da wahala. Mu je gun malami mu gyara karatun Fatiha da hukunce-hukuncen tsarki.

Rana ta biyu ta haƙƙin bayin Allah ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Gonaki nawa ne aka ba da jingina da fatar baki, shaidu suka mutu, 'ya'ya suka gaji husuma? Tun 1993 dokar karkara ta Nijar ta tanadi kwamitocin filaye masu ba da takardar shaidar saye da jingina da aro. Mu nemi takardar tun ana ga juna. Mu rubuta wasiyya, kada ta wuce sulusin dukiya, ba kuma a yin ta ga magaji. Wanda ke gaba da ɗan uwansa ya taka ya je gidansa.

Rana ta uku ta gida da jiki ce. Mu ƙirga damman da ke rumbu, mu raba su da watannin da suka rage kafin sabon hatsi, mu keɓe iri tun ba a shiga hidimar bukukuwa ba. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ya san zafin sayar da gero da arha a kaka a sake sayensa da tsada a bazara. Mu gyara jinka da katanga, mu kai ciwon da muke ɓoyewa gun likita, mu karɓo wa yara takardar haihuwa. Mu tambayi matan gida abin da ke damunsu, domin su ma suna da haƙƙin samun lokacin neman ilimi.

Idan wani ya ce ba shi da sarari, sai mu tuna masa cewa rigimar gona guda ɗaya takan ci watanni a gaban mai gari da alƙali. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda bai yi sharar masussuka ba shi zai ci tsakuwa. Muna roƙon limamai su tunatar da jama'a wannan al'amari a huɗubar Juma'a da zarar an fara girbi.

Allah ya ba mu ikon yi wa kanmu hisabi tun muna da sauran numfashi, ya sauƙaƙa mana hisabin ranar gobe. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.