Ƙuri'ar Raba Gardama da Maganar Baƙi

Cikin ɗaliban da ke shirin fita gwajin koyarwa akwai waɗansu da suka roƙe ni in yi musu bayanin abin nan da a ke kira ƙuri'ar raba gardama, don ya faɗo cikin darasin zaman ƙasa, ga shi kuwa ko wanne ya buɗe baki sai ya kawo misalin Ingila. To, za mu taɓa na Ingilan. Amma malamin da zai tsaya gaban yara a Azare ko Gamawa ko Shira ya kamata ya san muna da namu misali nan kusa, wanda ya riga na Ingila da shekara hamsin da 'yan kai, ya kuma fi shi abin koyo.

Da fari sai mu rarrabe ta da zaɓe. A zaɓe mutum a ke zaɓa, in ya yi abin kirki a bar shi, in bai yi ba bayan shekara huɗu a sauke shi. A raba gardama kuwa magana guda a ke ajiyewa gaban jama'a, kowa ya ce I ko A'a, abin da ya rinjaya shi ne zai hau kan waɗanda ba a ko haifa ba tukuna.

Gabas da mu akwai wani siririn yanki da ya miƙe tun daga Dikwa, ya biyo ta Gwoza da Mubi, ya tsallake Binuwai ya kama Ganye har tsaunukan Mambila. Dā ƙasar Jamus ce, cikin Kamaru. Da Jamus ta sha kashi a Babban Yaƙi na farko sai aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, aka ce riƙon amana za su yi. Turawan Ingila ba su kafa wa rabonsu na arewa wata gwamnati dabam ba, sai suka liƙa Dikwa a Lardin Barno, mafi yawan sauran kuma a Lardin Adamawa, ƙarƙashin En'e ta Yola. Aka zauna haka kusan shekara arba'in, har mutane da yawa suka manta ba cikin Nijeriya su ke ba.

Da mulkin kai ya ƙarato sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce lalle a tambayi mutanen wurin. Ran 7 ga Nuwamba, 1959, aka tambaye su: ko su shiga Jihar Arewa sa'ad da Nijeriya ta sami 'yanci, ko kuwa a jinkirta maganar sai nan gaba. A Kaduna ba wanda ya yi shakka. Harshe ɗaya a ke ji a kasuwa, kuɗi ɗaya, alkalai ɗaya, me ya rage? Da aka ƙirga sai ga mutum 70,546 sun ce a jinkirta, 42,788 kaɗai suka ce su shiga. Sardauna da mutanensa abin ya ba su mamaki ƙwarai.

A nan ne na ke so ku tsaya ku yi tunani. Da aka bincika, ashe yawancin masu cewa a jinkirta ba Kamaru su ke so ba. Ƙabilun kan duwatsu sun gaji da hakiman da a ke aiko musu daga Yola, sun gaji da yadda a ke karɓar haraji da yadda a ke yi musu shari'a, ba su kuwa taɓa samun ranar da za su faɗi haka a ji ba sai wannan rana. An tambaye su Nijeriya, su kuwa suka ba da amsa game da En'e. Gwamnatin Arewa ta gane karatun. Aka cire yankin daga ƙarƙashin Yola, aka kafa sababbin En'e a wurare irin su Mubi da Ganye, aka yi musu alkawarin lardi nasu na kansu. Da aka sake ƙuri'a cikin Fabrairu, 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni na shekarar suka shigo, aka sa wa wurin suna Lardin Sardauna. Daga 1967 zuwa 1976 ma jiha ɗaya mu ke da su, watau Jihar Arewa maso Gabas, Maiduguri ce babban birninmu duka.

Wata 15 kaɗai ke tsakanin ƙuri'un nan biyu. Wacce ce muryar jama'a ta gaskiya? Ku ajiye wa yaranku wannan tambaya, ku ga yadda aji zai kaure. Ku ƙara musu da cewa masu jefa ƙuri'ar ma ba ɗaya ba ne: a 1959 maza kaɗai suka jefa, a 1961 kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta nace sai da mata. Matan Mubi sun riga matan Azare jefa ƙuri'a da shekaru masu yawa, gama matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai cikin shekarun 1970.

Tambayar kanta ma an sāke ta. A 1961 ba zancen jinkiri, ba kuma zancen tsayawa da ƙafafunsu, ƙofa biyu kaɗai aka buɗe. Mutanen Kamaru ta Kudu, su Bamenda da Buea, a wannan lokaci suka zaɓi Kamaru da ƙuri'a 233,571, masu son Nijeriya 97,741. Da yawa cikinsu ƙofa ta uku su ke so, ba a sa ta cikin takarda ba. Rikicin da ya tashi can tun 2016, wanda ya koro dubban mutane zuwa Kuros Riba da Binuwai da Taraba, in ka bi saiwarsa sai ta kai ka ga wannan ƙofa da aka rufe.

To, yanzu mu je Ingila. Ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a 1973. Cikin dokokin Tarayyar Turai akwai cewa duk ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar ya iya zuwa ko wace ya zauna ya yi aiki ba mai hana shi. Da aka shigo da ƙasashen gabas a 2004, su Folan, sai ma'aikatansu suka yi ta kwarara Ingila, suna aikin gona da gini da masana'antu. Talakawan ƙananan garuruwa suka fara gunaguni, wai an karya kuɗin ƙwadago, gidan haya ya yi tsada, asibiti ya cika. Firayim Minista David Cameron ya yi alkawarin rage rarar masu shigowa a kan masu fita ta koma ƙasa da 100,000 a shekara, bai iya ba, ya kuma yi alkawarin raba gardama yana tsammani zai ci. Ran 23 ga Yuni, 2016, mutum wajen miliyan 17.4 suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna, watau kashi 52 da kashi 48 daga cikin 100. Kashegari Cameron ya ce ya sauka. Fitar kuwa ba ta tabbata ba sai 31 ga Janairu, 2020, bayan an sha rigima a majalisa, gama takardar ƙuri'a ta ce a fita, ba ta faɗi yadda za a fita ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin dariyar, in da abin dariya ne. Mutanen Turai sun ragu, gaskiya. Amma asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suna nan suna bukatar ma'aikata, jami'o'i suna bukatar kuɗin ɗalibai, sai aka buɗe ƙofa ga na nesa. A 2022 da 2023 rarar masu shigowa a kan masu fita ta haura 700,000 ko wace shekara, fiye da ninki biyu na adadin da aka yi ta kuka a kansa kafin ƙuri'a, kafin gwamnati ta sake ƙuntata dokoki a 2024 ya sauka. 'Yan Indiya da 'yan Nijeriya ne kan gaba cikinsu. Wanda ya jefa ƙuri'a don ya daina ganin baƙo sai ya tarar an musanya masa baƙon ne kawai.

Akwai kuma wani abu da ba kasafai a ke ambata ba. Mutanen Turai mazauna Ingila, wajen miliyan uku, waɗanda a kansu a ke gardamar, ba a ba su ƙuri'a ba, in ban da 'yan kaɗan irin na Ailan. Ɗan Nijeriya mazaunin can kuwa ya jefa tasa, saboda ƙasarsa na cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Bafaranshe mai shekara ashirin a London ya tsaya yana kallo.

Kada mu yi saurin yi wa Turawa dariya, mu ma mun yi namu, ba ko ƙuri'a. Cikin Nuwamba, 1969, gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Yarabawa suka fi yawa cikin waɗanda abin ya shafa, amma akwai Hausawan zango waɗanda kakanninsu suka tafi fataucin goro tun zamanin Gwanja, ba su san ko hanyar Kano ba. Shekara 13 da 'yan watanni bayan haka, cikin Janairu, 1983, kuɗin man fetur ya faɗi, zaɓe ya matso, sai gwamnatin Shehu Shagari ta ba da irin wannan umurni. Aka ce wajen mutum miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu mutanen Gana, saura 'yan Nijar da Cadi da Togo da sauransu. Makarantu da yawa suka wayi gari ba malamin lissafi. Alhali kuwa a 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan ko wace ƙasa tasu ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Kasuwa ba ta gyaru ba don an kori baƙi, gwamnatin ma ba ta ga ƙarshen shekarar ba.

Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma wa ke rarrabe raɓa da kaba a ƙasa irin tamu? Cikin Janairu, 1980, aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, aka kai shi iyakar Cadi aka ajiye, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta mayar da shi gida. In an iya yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai tallan ruwa da ya zo cin rani daga Damagaram, wanda Hausarsa da tamu ɗaya, wataƙila ma kakarsa 'yar Haɗeja ce? Ƙasar Katagum kanta tun zamanin Malam Zaki taron Fulani ce da Hausawa da Barebari da Karekare. Ba na cewa kada gwamnati ta san wanda ya shigo ƙasarta. Mai kukan 'yan fashi na ƙetaro iyaka da bindiga yana da gaskiyarsa, kada ku bar yara su yi masa ihu a muhawara. Ku dai sa shi ya faɗi ko wane baƙo ya ke nufi, da abin da zai faru ga farashin shanu a Maigatari in an rufe ƙofa. Mun gani da idonmu sa'ad da aka rufe iyaka daga Agusta, 2019 zuwa Disamba, 2020, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yuli, 2023. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun bar ECOWAS ran 29 ga Janairu, 2025, shugabanninsu na soja suka yanke, ba a kira talakawa akwati ba.

Saura maganar da ta fi kusa da mu. A 1926 Turawa suka cire Katagum daga Lardin Kano suka sa ta Lardin Bauci, ba wanda aka tambaya. An daɗe kuma ana neman a ba Katagum jiharta, har Taron Ƙasa na 2014 ya sa sunanta cikin waɗanda ya ba da shawara a ƙirƙira. To, Sashe na 8 na Tsarin Mulkin 1999 ya shimfiɗa hanyar. Da fari kashi biyu cikin uku na wakilan yankin, a Majalisar Tarayya da ta jiha da ta ƙananan hukumomi, su sa hannu. Sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama, kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su yarda. Sa'an nan mafi yawan jihohin ƙasa su amince, daga bisani majalisun tarayya biyu su zartar, su ma da kashi biyu cikin uku. Da wannan ma'auni aka yi a Ingila da ba ta fita ba, Lardin Sardauna ma da bai shigo ba, don kashi 60 ya samu. Tun da aka sami mulkin kai sau ɗaya tak aka yanki jiha ta hanyar ƙuri'a, watau Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963. Sauran duka soja suka yi da doka, har da Baucin da mu ke ciki, a 1976.

Ga aikin da za ku gwada a aji. Ku rubuta a allo, “Ko Katagum ta zama jiha?” Kafin a ɗaga hannu ku sa yara su fara yanke waɗanda za su jefa ƙuri'a. Ɗan kasuwar da ya zo daga Anaca ya yi shekara talatin a Azare, a nan ya haifi 'ya'yansa, yana ciki? Ɗan Azaren da ke Abuja, ba ya zuwa sai da salla fa? Bafillatanin da ke damina a nan, rani a wani wuri? Misau da Jama'are, masu sarakunansu na kansu, za a ƙirga tasu dabam ko a haɗe? Bayan an jefa, ku raba wa kowa guntuwar takarda ya rubuta dalilinsa ba tare da suna ba, ku tattara ku karanta musu. Ku ƙirga nawa ne suka yi maganar jiha, nawa kuma suka yi maganar hanya da asibiti da aikin yi, ku rubuta adadin biyu a allo kusa da 70,546 na 1959.