Yadda Ake Ƙanƙarar Kankana Ba Tare da Sukari Ba

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kowa abin sanyi yake nema. Mai son rage ƙiba ne ke shiga tsaka mai wuya, don giram 100 na aiskirim na ɗauke da kalori wajen 200, zoɓon leda kuwa ba a yi masa rowar sukari. Kankana mai wannan nauyin kalori 30 ce kawai, tunda sama da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne.

Ki samo kankana mai nauyi a hannu, wadda gefen da ta kwanta a ƙasa ya yi ruwan ɗorawa. A Babbar Kasuwa ko wurin masu baro a Ƙofar Ƙaura ba za ki rasa ba. Ki haɗa da ayaba biyu da suka nuna har bawonsu ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, da lemun tsami ɗaya, da rabin kofin nono. Tsala za ki nema wurin mai nonon da kika yarda da tsaftarta, don an riga an kaɗe man, kindirmo kuwa da maiƙonsa yake.

Yanka da cire 'ya'ya ba sai an koya miki ba. Inda mata da yawa ke faɗuwa shi ne wajen daskarewa. Sai su markaɗa kankana, su juye a roba, su tura firiza, da safe su tarar da dutse, cokali ma ba ya shiga. Dalili kuwa, sukari ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba, shi ke hana ruwa daskarewa gam, ya bar abin da laushi. In kin cire shi, dole wani abu ya yi aikinsa, ayaba ce ke yi.

Saboda haka a fara daskarar da 'ya'yan itacen kafin markaɗe. Ki shimfiɗa leda a faranti, ki jera gutsattsarin kankana da ayabar ɗai-ɗai, kada su taɓa juna, su kwana a firiza. Da kin fito da su, ki ba su kamar minti biyar su ɗan saki. Ki fara zuba nonon da ruwan lemun tsamin a blenda, sannan 'ya'yan itacen kaɗan-kaɗan. Kunna, kashe, tura da cokali, sake kunnawa. Da farko za ki ga ya yi tsaki-tsaki, ranki ya ba ki ki ƙara ruwa. Kada ki ƙara. Can sai ƙarar blendar ta sauya, haɗin ya naɗe kansa, ya yi santsi, launinsa ya koma ja mai haske. Nan ake tsayawa, minti ɗaya a kan haka ya zama lemo.

Matan da ke sana'ar ƙanƙara a cikin gida, waɗanda kulolinsu ke cika ƙofar makarantu, sun fi kowa sanin cewa sanyi na danne zaƙi, shi ya sa hannunsu ke nauyi wajen sukari. Ina girmama su, da wannan sana'ar wasu ke biyan kuɗin Islamiyyar 'ya'yansu. Amma ke da kike yi wa kanki, lemun tsami da ɗan gishiri a bakin yatsa za su fito miki da zaƙin kankanar. Kowane ƙaramin cokalin sukari da kika bari, kin tsira daga kalori 16.

A sha nan take ya fi. In wuta ta ɗauke ya narke ya sake daskarewa, laushin ya tafi ke nan, don haka gara ki adana gutsattsarin a leda, ki riƙa markaɗa na sha ɗaya. Kofi guda ya wadatar bayan la'asar ko a buɗa-baki. Mai ciwon suga ya fara tuntuɓar likitansa, don ayaba da kankana suna da nasu sukarin.