Kafin Ku Zargi Batir, Ku Auna Wuta

Hutun nan na tarar da yayana a Kankiya ransa a ɓace: babur ɗinsa mai lantarki ya kwana a caji, da safe batir rabi, ga fasinjan Kusada na jira. Har ya fara neman bashin sayen sabo. Na ce, "Yaya, dakata mu auna."

Wutar gida bolt 230 ya kamata ta kai. Da magariba, kowa ya kunna kayansa, sai ta faɗi, caja kuwa ta yanke. Soket ɗin ma ya saki, har ya yi baƙi. Muka sauya shi, muka mayar da caji tsakar dare.

Zuƙewa a ajiye fa? Ƙararrawar ɓarayi ce ke sha a hankali. In babur zai kwana biyu, ku kashe makunnin batir, ku kai shi inuwa.