Amsoshin Tambayoyinku: Shin akwai bindigar da ba ta ƙara?

Wani mai sauraronmu ya aiko da tambaya cewa ya ji ana ƙera bindigar farauta ta musamman da ba ta ƙara ko kaɗan, shin gaskiya ne?

To Malam, mun gode. Abin da ake da shi wata na'ura ce da ake ɗaurawa a bakin bindiga, kuma rage ƙara take yi, ba ta kashe ta. Ba'amurke Hiram Percy Maxim ne ya yi rajistar ƙirƙirarta a 1909. Mahaifinsa kuwa shi ya ƙera bindigar Maxim, irin wadda Turawan Ingila suka shigo da ita Kano da Sakkwato a 1903.

Ƙarar harbi iskar albarushi ce mai zafi da ke fashewa waje gaba ɗaya. Na'urar kan tsare iskar, ta huce, ta fita sannu a hankali, kamar aikin salansar mota. Harbin babbar bindiga kan kai desibel 160 a ma'aunin ƙara. Na'urar kan rage 20 zuwa 35. Abin da ya saura har yanzu yana iya lahanta kunne. Sannan harsashin da ya fi sauti gudu yana da tasa tsawar a iska, wadda na'urar ba ta da iko a kanta. Wannan "fit" da kake ji a fim, shiri ne kawai.

Mafarauta a Finlan da Norwe suna amfani da na'urar sosai don kare jinsu da na karnukansu, kuma a ganinmu wannan dalili ne mai kyau, domin kunnen da ya mutu ba ya dawowa. A Amurka kuwa, dokar 1934 ce ta wajabta yi mata rajista, ta kuma ɗora harajin dala 200 a wancan lokaci.