Darasi na 18: Ƙaura zuwa Arlit

A shekarar 1984 ruwan sama bai sauka sosai ba a ƙasar Nijar. Hatsi ya bushe a gona tun bai fidda kai ba. Dabbobi da yawa sun mutu.

A wani ƙauye kusa da Madawa akwai wani magidanci, manomi ne kuma tela. Yana da mata da ɗiya uku: babbar ɗiya mace mai shekara goma, da ƙannenta biyu maza. Rumbunsa ya zama wayam. Mutanen ƙauye ba su da kuɗin cimaka, balle kuɗin ɗinki.

Wata rana wasiƙa ta zo daga ƙanensa da ke aiki a Arlit. Ɗiyar ce ta karanta, don ita ce ke zuwa makaranta. Ƙanen ya ce: a nan ma'aikata suna karɓar albashi kowane wata, kuma suna neman mai yi musu ɗinki. Ku taho.

Baba ya yi kwana uku yana tunani. Barin gida ba abu ne mai sauƙi ba. A nan aka haife shi, a nan kabarin mahaifinsa yake. Sai ya je wurin Kaka ya durƙusa.

– Inna, ina so in kwashe iyali mu tafi arewa.

– Tafi, ɗana. Ni na tsufa, zan zauna wurin yayanka. Gonar kada ka saida ta. Allah ya kiyaye hanya.

Shirin tafiya

Baba ya saida jaki da tumaki biyu da suka rage. Da kuɗin ya je tasha ya yi ciniki da wani direba. Direban yana da babbar kamiyo mai jan tirela, za shi Arlit da buhunan siminti daga Malbaza.

Loda kaya yana da tsari. Kaya masu nauyi su ke ƙasa: gado, turmi, akwatin ƙarfe. Masu sauƙi su ke bisa: tabarmi, ƙore, ƙunshin tufafi. Keken ɗinki kuwa, Baba da kansa ya naɗe shi da bargo, ya ɗaure da igiya har sau uku.

– Baba, don me ka fi kula da keken nan?

– Ɗiyata, wannan ita ce gonarmu a can. In ta karye, ba mu da abin ci.

Inna ta shirya guzuri: ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino da dawo. Ta cika bido biyu da ruwa, ta cika salka ɗaya. Yaron mota ya yi dariya ya ce ruwan ya yi yawa. Inna ba ta tanka ba. Ta rataye salkar a gefen tirela, inda iska za ta riƙa sanyaya ta.

Bisa hanya

Da asuba suka hau bisa kaya. Maƙwabta suka fito rakiya, ana ta neman gafara. Mota ta tashi. Yara suna ɗaga hannu har bishiyoyin ƙauye suka ɓace.

Suka bi ta Tsarnawa, suka karkata arewa, suka kwana a Tawa. Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne. A Tabalak suka ga babban tabki da masu saida kifi. Bayan Abalak gonaki suka ƙare. Sai fili, da ƙaya, da raƙuman Abzinawa nesa-nesa.

Da rana tsaka sai suka ji ƙara: fam! Taya ta fashe. Direba ya riƙe sitiyari da ƙarfi har mota ta tsaya. Aka sa tayar canji. Ba su yi nisa ba ita ma ta sace. Babu gari kusa, babu rijiya, babu inuwa sai ta ƙarƙashin tirela.

Yaron mota ya hau wata mota da ta wuce, ya tafi da tayar wurin faci. Sauran suka zauna jira. Kafin la'asar ruwan direba ya ƙare. Autan gida ya fara kuka, bakinsa ya bushe. Sai Inna ta kwance salka. Ta riƙa auna ruwa da ƙaramin kofi, kowa ɗaya, yara tukuna sannan manya. Ta hana wanke hannu da shi. Da dare sanyi ya sauko, suka lulluɓa da tabarmi.

Sai washegari da hantsi yaron mota ya dawo. Ya tarar bido ɗaya bai ƙare ba. Ya sha, ya sunkuyar da kai.

– Inna, ki yafe mini dariyar da na yi.

– Ba komi, ɗana. Mai shiga hamada ba ya cewa ruwa ya yi yawa.

A Agadas yara suka ga hasumiyar babban masallaci, wadda aka gina da laka, tsawonta mita 27. Daga nan saura kusan kilomita 240. A rana ta huɗu da dare suka hango fitilu a tsakiyar duhu. Arlit ke nan.

Sabon gari

Ƙanen Baba ya ba su ɗaki ɗaya. Aka kwance keken ɗinki, ba abin da ya same shi. Watannin farko sun yi wuya. Ƙura ta yi yawa, abinci da tsada, don kusan komi mota ce ke kawo shi daga kudu. Baba ya kafa kekensa a bakin kasuwa. Ya fara da facin rigunan ma'aikata. Da salla ta matso, ɗinki ya yi masa yawa.

Ɗiyar ta shiga makaranta. A ajinsu akwai masu jin Hausa, da Tamajak, da Zabarmanci, da Fulatanci. Ta koyi gaisuwa da kowane harshe. Ita ce ta rubuta wasiƙar farko zuwa ga Kaka, aka haɗa da kuɗin hatsi.

Mu ƙara sani

Arlit sabon gari ne. An kafa shi a 1969 saboda wani ma'adini mai suna uraniyom, wanda ake amfani da shi wajen samar da wutar lantarki. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, kamfanin COMINAK kuma a 1978. Saboda wannan ma'adini aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, shi ya sa ake ce mata hanyar uraniyom. Ƙura da sharar uraniyom suna cutar da lafiya, don haka ba a wasa kusa da su. A 2021 COMINAK ya rufe raminsa. Ma'aikata da yawa suka rasa aiki, wasu iyalai suka sake loda kaya suka koma kudu ta wannan hanya.

Ma'anar kalmomi

ƙaura: barin gari da iyali da kaya don zama a wani wuri.
tirela: dogon akwatin kaya mai tayoyi da babbar mota ke ja.
salka: fatar akuya da aka ɗinke don zuba ruwa.
guzuri: abincin da matafiyi ke riƙewa.
ma'adini: arzikin da ake haƙowa daga cikin ƙasa.

Mu faɗa da Faransanci

kamiyo: le camion
tirela: la remorque
hanya: la route
ruwa: l'eau
keken ɗinki: la machine à coudre

Tambayoyi

1. Me ya sa wannan iyali suka bar ƙauyensu?
2. Don me Kaka ta hana a saida gona?
3. Wane kaya ake sawa ƙasa, wane ake sawa bisa? Don me?
4. Yaya Inna ta raba ruwa lokacin da mota ta lalace?
5. Me Baba yake nufi da ya ce keken ɗinki ita ce gonarsu?

Aiki

1. Kilomita nawa ne daga Tawa zuwa Arlit in an bi ta Agadas?
2. Ku nemo Madawa, Tawa, Abalak, Agadas da Arlit a taswirar Nijar. Ku zana hanyar a cikin littafinku.
3. Ku tambayi wani babba a gidanku ko ya taɓa yin ƙaura. Ku rubuta layi biyar bisa abin da ya faɗa muku.