Darasin Wannan Mako: Yaranmu da Gidan Matasa

Tun ƙarshen 2021 da hare-hare suka fara a arewacin Benin, iyalai da yawa sun baro garuruwansu na Atakora da Alibori, wasu kuma sun ƙetaro daga Burkina Faso. A cikinmu akwai waɗanda suka sauka a Paraku, wasu a Jugu, wasu a ƙauyukan gefenta irin su Partago. Abinci, makwanci da takarda su ne farkon damuwarmu, kuma haka ya kamata. Amma akwai tambayar da muke yawan tsallakewa: ina yaranmu suke wuni?

Yaron da ya ga tashin hankali ba ya faɗin abin da ke cin sa. Sai dai mu ga yana firgita da dare, ko ya daina magana, ko ya zama mafaɗaci. Wasa da tsara yana daga cikin abubuwan da ke kwance masa wannan ƙulli. Shi ya sa Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Benin ta amince da ita a 1990, ta sa hutu da wasa cikin haƙƙin kowane yaro, a sashe na 31. Ba ta ware ɗan gudun hijira ba.

A manyan garuruwa akwai gidan matasa, wanda ake kira "mezon de jen" da Faransanci, yawanci a ƙarƙashin ofishin magajin gari. A nan ake wasan kwaikwayo, kiɗa da taron ƙungiyoyi. Abin da ake yi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, wani gidan a raye yake, wani sai ranar biki ake buɗe shi. Don haka mu je da ƙafarmu mu gani. Mai unguwa, wato delege, zai nuna mana hanya. A tambayi ranakun buɗewa, a tambayi ko ana biyan wani abu, a kuma san sunan babban da ke kula da yara.

Ƙwallo ita ce ƙofa mafi sauƙi. Jugu na cikin garuruwa 22 da gwamnati ta gina wa sabon filin wasa, kuma gida ce ga ƙungiyar Panthères, kamar yadda Paraku take ga Buffles. Amma yaronmu ba sai ya shiga babban fili ba. Filin makarantar unguwa ranar Laraba da yamma, lokacin da 'yan firamare ba su da aji, ya isa. A can zai tsinci Dendanci, ko Barbanci, ko yaren Yom, da sauri fiye da yadda mu manya za mu iya, gobe shi ne tafintanmu a asibiti. Mu ma kada mu je hannu rabbana. Muna da langa, dara, kokawa da gaɗa. Hausa kuwa ba baƙuwa ba ce a nan: fataken goro da ke zuwa Gwanja daga Kano sun daɗe suna yada zango a Jugu.

Inda muka fi gazawa shi ne 'yan mata. Namiji ya fita, mace tana ɗiban ruwa da raino har magariba. Idan tsoro ne ya hana mu, maganinsa rakiya: uwa ɗaya ta kai 'yan mata biyar yau, wata ta karɓe ta jibi. Samari kuma, zaman banza a bakin tasha shi ne abin da masu ɗaukar yara aikin ƙarfi da masu ɗauke da makamai suke nema.

Yara su tafi a ƙungiya, su dawo kafin duhu. Duk wanda ya ce zai kai yaro Kwatano ko ƙasar waje don ya zama ɗan ƙwallo, ya kuma nemi kuɗi ko takardar haihuwa, kada a ba shi. A kai maganar ofishin jin daɗin jama'a na CPS, wanda yanzu ake kira GUPS, ko a kira 138, layin taimakon yara, kyauta ne. Ma'aikatanmu ma suna karɓar irin wannan ƙara, kuma ba a bayyana sunan wanda ya kawo ta.